Ɗan Ƙasa Da Baƙo A Gaban Teburin Ubangiji

A wannan fitowa muna so mu taɓa wata magana wadda kowa ya san da ita, amma ba a cika jinta daga bagadi ba, sai dai a gindin mangwaro bayan an tashi daga sujada. Maganar ita ce ƙabilanci, wato auna mutum da yarensa ko garin kakansa tun kafin a dubi halinsa. Mun sani waɗansu za su ce, ai mu ne aka daɗe ana zalunta, don me za a juyo da yatsa kanmu? Muna roƙo ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mu ma mun sha ɗacinsa

Ba sai wani ya koya mana zafin raini ba. Iyayenmu sun tashi ana ce da su arna, ko da sun yi baftisma suna karanta Littafi Mai Tsarki kowace safiya. Kalmar nan ƙabila ita kanta ta zama hanyar ware mutum, a ce wane ai ƙabila ne, sai ka ce mai faɗin ba shi da tasa. In mutum ya yi tuntuɓen harshe a kasuwa sai a ce yana gwaranci, an ɗauki sunan da ake kiran Gbagyi da shi an mai da shi abin dariya. Tibi kuma sun yi shekaru ana kiransu Munci, har a takardun Turawan mulki, sunan da su ba su taɓa yarda da shi ba.

Wannan raini bai tsaya a fatar baki ba, shi ya sa kafin samun mulkin kai shugabanni irin su Fasto David Lot da Joseph Tarka suka ɗaga murya, suna neman a ba ƙananan ƙabilun tsakiyar Nijeriya yankinsu na kansu. A 1957 gwamnatin Ingila ta kafa hukuma a ƙarƙashin Henry Willink domin ta saurari tsoron ƙananan ƙabilu. Hukumar ta zaga ƙasa, ta ji koke-koke, ta ba da rahoto a 1958. Ba ta yarda a yanka sababbin jihohi ba, amma ta ba da shawara a rubuta hakkin ɗan adam a cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta shi a tsarin mulkin 1960. Saboda haka duk inda kuka ga dokar da ta hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci, ku sani kukan iyayenmu yana cikin abin da ya haife ta.

Daga baya jihohin suka zo. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasar jihohi 12, har da Binuwai-Filato. A 1976 suka zama 19. A 1991 aka raba Gongola, aka fitar da Adamawa da Taraba. A 1996 aka cire Nasarawa daga Filato, jihohi suka cika 36, ƙananan hukumomi kuma yau 774 ne. Kowane karo mun yi murna, mun yi sujadar godiya. Amma akwai abin da ba mu lura da shi ba. Duk lokacin da aka ja sabon layi a taswira, wanda jiya yake ƙarami yakan wayi gari shi ne babba a sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, sai kuma a tarar akwai wani da ya fi shi ƙanƙanta a ƙarƙashinsa. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, da muka zama manya a ɗan gidanmu, yaya muka riƙe na ƙasa da mu?

Ƙabilanci mai hatimi

Ƙabilanci iri-iri ne. Akwai na baki, wato zagi da ba'a. Akwai na zuciya, inda mutum zai yi maka fara'a alhali ya riga ya yanke maka hukunci tun da ya ji sunanka. Akwai kuma wanda ya fi su wuyar magani, domin yana ɗauke da hatimin hukuma. Shi ne takardar shaidar asali, wadda jama'a ke kira indijin.

Tsarin mulkin 1999 ya yi magana mai kyau. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya izinin zama duk inda ya ga dama a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a tauye wa mutum hakki saboda ƙabilarsa, ko garin asalinsa, ko addininsa, ko yadda aka haife shi. Sashe na 15 har ya ɗora wa gwamnati nauyin ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Amma wannan tsarin mulkin dai, a sashe na 147, ya ce lalle a naɗa minista daga kowace jiha, ya kuma zama ɗan asalin jihar, bai kuwa fayyace wane ne ɗan asali ba. Akwai kuma tsarin raba muƙaman tarayya tsakanin jihohi, wanda aka kafa masa hukuma ta musamman a 1996. Manufar mai kyau ce, an yi ne domin kada manyan ƙabilu su kwashe komai, mu ma mun ci moriyarta. Amma da yake ofishin ƙaramar hukuma ne ke ba da takardar, sai ya zama mai riƙe da hatimi shi ke cewa wane ɗan gida ne, wane kuma baƙo.

Ku dubi abin da wannan ke yi wa yaro. An haife shi a gari, a nan aka haifi ubansa, a nan suke biyan haraji, a nan suka binne matattunsu. Ya gama sakandare ya je neman takarda, sai a ce masa ya tafi garinsu. Ya tafi ƙauyen kakansa, can kuma ba wanda ya san shi, ko yaren ba ya ji. Ba tare da takardar ba babu tallafin karatu na jiha, babu shiga soja ko ɗan sanda, babu aikin gwamnati, a manyan makarantun jiha da yawa kuma kuɗin da baƙo ke biya ya fi na ɗan gida. A 2006 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto guda a kan wannan matsala kaɗai.

Kada kuma mu ɗauka abin tsakanin Kirista da Musulmi ne kawai. A 2011 gwamnatin jihar Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, da yawansu kuwa Ibo ne daga jihohin maƙwabta, yare ɗaya, addini ɗaya. A 2012 aka jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara, domin asalinta Anambra ne, alhali a Abiya ta yi aure, a can ta yi shekaru tana aikin shari'a. Sai da aka yi ta cece-kuce kafin aka rantsar da ita. In haka ta sami mai shari'a, ina ga 'yar talaka da ta auri wani yare?

Muna kuka, kukanmu kuma gaskiya ne, sa'ad da aka hana 'ya'yanmu da aka haifa a biranen arewa takarda ko gurbin karatu. Amma a ƙananan hukumomin da hatimi ke hannunmu, me muke yi wa ɗan Bahaushen da kakansa ya zo tun zamanin haƙar kuza, ko ɗan ƙabilar da ke hayin rafi? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Darasin Wukari da Takum

Mun saba cewa duk rikicinmu na addini ne. Bari mu ɗauki misalin da ba za mu iya ɓuya a bayan addini ba. A kudancin Taraba, Jukun da Tibi sun daɗe suna maƙwabtaka, suna cin kasuwa ɗaya, har da auratayya. Jukun suna cewa ƙasar tasu ce tun zamanin Kwararrafa, a ƙarƙashin Aku Uka na Wukari, Tibi kuwa baƙi ne da suka zo neman gona. Tibi suna cewa kakanninsu a nan suka yi noma, a nan aka binne su, har yaushe mutum zai zama baƙo a kan kabarin kakansa? A zamanin Turawa Wukari tana cikin lardin Binuwai. A 1976 aka mai da ita Gongola, sai manomin Tibi da bai gusa ko taki ɗaya daga gonarsa ba ya wayi gari ana ce masa ya koma jiharsu ta Binuwai.

An zub da jini a farkon shekarun 1990, aka sake a 2001, aka kuma sake a 2019. A watan Oktoba na 2001 aka kashe sojoji 19 da aka tura yankin, aka tsinci gawawwakinsu a Zaki Biam. Bayan 'yan kwanaki sojoji suka shiga Zaki Biam da ƙauyukan kewaye, suka kashe fararen hula fiye da 200. A watan Agusta na 2019 wani limamin Katolika, Fada David Tanko, yana kan hanyarsa ta zuwa Takum taron neman sulhu a kan wannan rikici, aka tare shi, aka kashe shi, aka ƙone motarsa.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, yawancin Tibi Kirista ne, Jukun ma da yawa Kirista ne. Ikkilisiyar NKST ta Tibi da ikkilisiyar CRCN, inda Jukun suke da yawa, koyarwarsu ɗaya ce, dukansu kuma suna cikin TEKAN, tarayyar da aka kafa tun 1955 domin ikkilisiyoyin ƙabilu dabam-dabam su zauna inuwa ɗaya. Katolika ma tana da membobi a kowane gefe. Ba mu ce ikkilisiya ce ta aiki kowa ya ɗauki makami ba, fastoci da yawa ma sun sa ransu a hatsari domin sulhu. Amma ba mamaki wanda ya cinna wa rumbun doya wuta da wanda aka ƙone wa rumbun, dukansu sun ci Jibin Ubangiji a cikin watan.

Takum ma ta koya mana abu. A kusa da ita, a Lupwe, Johanna Veenstra ta yi aikin bishara har mutuwarta a 1933, Kuteb da Jukun da Chamba suka ji Maganar Allah tare. Amma a 1973 ikkilisiyar ta rabu biyu, Kuteb da yawa suka fita suka kafa tasu, wadda aka sani daga baya da RCCN. Bayan rasuwar Ukwe Takum a 1996, rikicin sarauta ya ɓarke a 1997, aka ƙone gidaje, aka rasa rayuka, kujerar kuma ta zauna babu kowa fiye da shekara ashirin. Ku lura da jerin shekarun: an rabu a majami'a shekara 24 kafin a ɗauki makami a titi. Muna godiya ga Allah da daga baya shugabannin ikkilisiyoyin biyu suka zauna suka yi sulhu, amma wanda ya mutu ya riga ya mutu.

Littafin Mahukunta sura 12 ya ba da labarin irin wannan. Mutanen Gileyad suka tare mashigin Urdun, duk wanda ya zo wucewa sai su sa shi ya faɗi kalmar Shibolet. Mutumin Ifraimu harshensa ba ya iya furta ta daidai, sai ya ce Sibolet, nan take a kashe shi. Mutum 42,000 suka hallaka, dukansu kuwa jikokin Yakubu ne, masu kashewa da waɗanda aka kashe. Duk wanda ya taɓa iske shingen matasa a hanya lokacin rikici, aka ce ya yi yare ko ya faɗi sunan ƙauyensu, ya san wannan labari bai tsufa ba.

Yadda abin ya fara a Afirka ta Kudu

Masu bishara da suka fara kai wa Tibi Maganar Allah, a Sai cikin 1911, sun fito ne daga ikkilisiyar Dutch Reformed ta Afirka ta Kudu. Sun yi aiki da aminci, sun buɗe makarantu da asibiti, ba za mu manta da alherinsu ba. Amma tarihin ikkilisiyar da ta aiko su gargaɗi ne gare mu. Da farko farar fata da sauran masu bi suna cin Jibin Ubangiji wuri ɗaya. Waɗansu fararen suka fara gunaguni, ba sa so su sha ƙoƙo ɗaya da baƙar fata. A 1857 majalisar ikkilisiyar ta amince cewa zama tare shi ne daidai bisa ga Littafi, amma saboda raunin waɗansu sai ta yarda a riƙa yin sujada a ɗaki dabam. A 1881 ɗakin nan dabam ya zama ikkilisiya dabam. A 1948 jam'iyyar masu wariyar launin fata ta ci zaɓe a ƙarƙashin D. F. Malan, wanda shi kansa tsohon faston wannan ikkilisiya ne. A 1949 aka haramta aure tsakanin farar fata da sauran jama'a. A 1950 aka yi dokar rubuta launin kowane mutum a rajista, launin kuma shi ke nuna unguwar da zai zauna da makarantar da ɗansa zai shiga.

Sai a 1982, a taron ikkilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa, aka bayyana cewa kāre wariyar launin fata da Littafi Mai Tsarki karkatacciyar koyarwa ce, aka dakatar da ikkilisiyar. Mulkin wariya bai faɗi ba sai da zaɓen 1994. Daga 1857 zuwa 1994 shekara 137 ke nan. Dattawan da suka yi wancan shawara ba su yi nufin kafa mulkin zalunci ba, sun so ne kawai a zauna lafiya, kada masu gunaguni su bar majami'a. Mu ma sau nawa muka yi shiru a majalisa da irin wannan hujja?

A cikin gidanmu

Yanzu bari mu shigo cikin gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mun sha ganin zaɓen dattawan ikkilisiya inda aka gama ƙidayar ƙuri'a tun daren Asabar, a gidan shugaban ƙungiyar yare. Ranar Lahadi a yi addu'a a roƙi Ruhu Mai Tsarki ya bi da zaɓe, alhali kowa da sunan da aka rubuta masa a aljihu. Mun ga an aiko fasto mai tsoron Allah, ikkilisiya ta ƙi shi tun bai sauke kaya ba, wai ɗan ƙasa suke so. In ya daure ya zauna, sai baiko ya ragu, gidan fasto ya yi ta yoyo ba mai gyarawa, har ya nemi canji da kansa. Mun ga majalisa tana cikin zama da Hausa, da an zo maganar kuɗi ko muƙami sai a juya zuwa yare, domin kada dattijon da ba ɗan yaren ba ya ji. Mun ga taron 'yan gari ɗaya ya cika harabar majami'a maƙil, addu'ar tsakiyar mako kuwa ba ta tara mutum goma ba.

Maganar aure ita ce ta fi ciwo. Saurayi da budurwa masu bi, sun yi baftisma, suna cikin ƙungiyar mawaƙa, sun kawo maganarsu da tsarki. Uba ya ce shi 'yarsa ba za ta auri wannan yare ba, ai mayu ne, ko ɓarayi ne, ko mashaya ne. A waɗansu wuraren har yanzu ana bin diddigi a ji ko kakan yaron bawa ne, ko daga gidan maƙera ya fito. Uban nan kuwa dattijon ikkilisiya ne, shi ke raba gurasa ranar Jibi. Yara da yawa sun fāɗi cikin zunubi ko sun bar ikkilisiya gaba ɗaya saboda wannan, sa'an nan mu kuma mu ɗora su a kan horo.

Sai kuma 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani masu bi. Akwai Hausawa Kirista a Wusasa tun zamanin Likita Walter Miller, akwai ikkilisiyoyi a ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina da Jigawa. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, da harshensu muke waƙa da addu'a, da shi ne ma muke rubuta wannan takarda. Duk da haka in Bahaushe ya shigo majami'armu da babbar riga da hula, ko Bafulatani da sandarsa, sai a fara kallon-kallo, wani ya ce ɗan leƙen asiri ne. Mutumin da danginsa suka kore shi saboda Kristi ya zo wurinmu, mu kuma mu tsai da shi a bakin ƙofa saboda ƙabilarsa. Ina zai nufa?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Son harshenka ba zunubi ba ne. Muna murna da kowace fassarar Littafi Mai Tsarki cikin yarukanmu, muna so 'ya'yanmu su iya yaren iyayensu, ƙungiyar gari kuma tana taimako a lokacin biki da makoki. Zunubin yana farawa ne sa'ad da yare ya zama ƙofar da ake rufe wa ɗan'uwa, ko mudun da ake auna cancantarsa.

Hasarar da muke yi

Wanda aka nuna wa bambanci shi ke fara shan wahala, amma hasarar ba ta tsaya a kansa ba. Ikkilisiyar da ta zaɓi ma'aji domin shi namu ne takan rasa bakin tambayarsa lissafi, gama duk wanda ya tambaya za a ce yana yaƙi da yarensu. Majami'ar da ta rabu biyu saboda yare takan zama ƙananan majami'u biyu, kowace ba ta iya biyan fasto, balle ta aiki mai bishara. 'Ya'yanmu suna jin ba'ar da muke yi wa maƙwabta a bakin murhu, su ne kuma gobe za su tsaya a shingen hanya. Ɗan siyasa ya san inda muke da tsaga, yakan zo lokacin zaɓe ya ba wannan yare buhun shinkafa, ya ba wancan alkawarin kujera, bayan zaɓe dukanmu babu hanya, babu asibiti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Babbar hasara kuwa ita ce ta shaidarmu. Da wane baki za mu je gidan gwamnati mu ce a daina nuna mana bambanci, in mai sauraronmu ya san abin da muke yi wa juna? Da wane baki za mu gaya wa wanda bai ba da gaskiya ba cewa Kristi ya mutu domin dukan mutane?

Abin da ikkilisiyar farko ta yi

Wannan cuta ba a kanmu ta fara ba. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna sun yi gunaguni a kan Musa saboda matarsa mutuniyar Kush ce, Allah kuwa bai goyi bayansu ba. A Galatiyawa sura 2, Bitrus kansa yana cin abinci tare da Al'ummai a Antakiya, da baƙi suka zo daga Urushalima sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi shi. Bulus bai jira a kai maganar gindin bishiya ba, ya tsawata masa a gaban kowa.

Amma misalin da ya fi dacewa da dattawanmu yana cikin Ayyukan Manzanni sura 6. Masu bi Yahudawa masu jin Helenanci suka yi kuka cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce ƙarya ne ba, ba su kuma ce a yi shiru domin zaman lafiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. In kun duba sunayen, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, dukansu sunayen Helenanci ne. Wato masu rinjaye sun ɗauki makullin rumbu sun danƙa wa ɓangaren da ya yi kuka. Bayan haka ne labarin ya nuna yawan masu bi ya ƙaru ƙwarai.

Shawararmu ga dattawa da membobi

Na ɗaya, kowace majalisar ikkilisiya ta ɗauki rajistar membobi ta ajiye kusa da jerin sunayen dattawa, da shugabannin Zumuntar Mata, da na matasa, na shekara goma da suka wuce. In akwai yaren da ke cika benci yana ba da baiko amma bai taɓa zama a majalisa ba, to, akwai gwauruwar da ake tsallakewa.

Na biyu, a hana ƙungiyoyin yare tsai da ɗan takara a zaɓen ikkilisiya, a kuma faɗi haka daga bagadi kafin ranar zaɓe. A zaman majalisa a tsaya kan harshen da kowa ke ji daga farko har ƙarshe.

Na uku, in iyaye sun ƙi aure ba da wani dalili ba sai yare ko asali, fasto da dattawa su je gidan su zauna da su, da ladabi amma da gaskiya. Dattijon da ya nace a kan haka, majalisa ta tambaye shi yadda zai ci gaba da raba gurasa ga mutanen da ya ce ba su isa su zama surukansa ba.

Na huɗu, mu karɓi faston da aka aiko mana, mu kuma yarda a aika namu 'ya'yan zuwa wasu yaruka. Ikkilisiyoyin da ke maƙwabtaka a yankin da aka yi rikici su riƙa musayar masu wa'azi da ƙungiyoyin mawaƙa tun ana zaman lafiya, kada a jira sai an ga hayaƙi.

Na biyar, membobinmu da ke aiki a ƙaramar hukuma, da kansiloli, da masu sarauta, su tuna hatimin da ke hannunsu amana ce. Yaron da aka haifa a gabanku, kada ku mai da shi marar gari. Mu kuma a matsayin ƙungiya, in za mu nemi a gyara dokar asali domin 'ya'yanmu da ke Kano ko Sakkwato, sai mu nemi a gyara ta domin kowa, har da waɗanda ke zaune a cikinmu.

Na shida, mu tsare bakinmu a gaban yara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yan'uwa, ranar Lahadin da za a yi Jibin Ubangiji, kafin ka miƙa hannu ka karɓi gurasa, ka dubi wanda ke zaune a gefenka. In akwai wanda ba za ka ba shi 'yarka ba, ko ba za ka zaɓe shi dattijo ba, ko ba za ka sa hannu a takardar ɗansa ba, ba don komai ba sai don yarensa, to, ka kai maganar gaban Allah, ka kuma je ka same shi. Mu da muka san zafin a kira mu baƙi a ƙasar haihuwarmu, bai kamata a ji wannan kalma daga bakinmu ba.

Ubangiji ya gafarta mana, ya ba dattawanmu hikima da ƙarfin hali, ya kuma ta'azantar da dukan waɗanda suka rasa nasu a waɗannan rikice-rikice. Amin.